Ƙullin Baba Iliya

Ban taɓa mantawa da Juma'ar da Baba Iliya ya ɗaure mini huhun goro goma sha biyu ba. Shekara tara ke nan, cikin damina, amma har yau in na kama igiya sai ranar ta dawo mini. Malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci ta ce kowa ya rubuta abu ɗaya da ya same shi a wurin aiki. Ni wannan na zaɓa, domin ku da kuka shigo shagon Alhaji Mamman a bayanmu ku san wanda ya riga ni zama a kan tabarmar nan.

Ga wanda bai san aikinmu ba, ga yadda yake. Goro yana zuwa Sabo, unguwar Hausawa ta Badun, a kwanduna daga ƙauyukan Yarbawa. Da farko sai a yi tsinta: a zube shi a tabarma, a duba ɗaya bayan ɗaya, a fitar da mai sankara, wato wanda tsutsa ta shiga. Guda ɗaya in ya kwana cikin ɗari, sai ya ja sauran. Daga nan a goge ganye, a bar shi da laima amma ba a jiƙe ba, a shimfiɗa, a zuba goro, a naɗe. Wannan naɗin shi ne huhu. Aiki na ƙarshe shi ne ɗauri, kuma kowane mai ɗauri da irin ƙullinsa. Mu ba ma sa hannu a takarda, ƙullin ne sa hannunmu. Dokar shagon ɗaya ce: in huhu ya lalace, mai ƙullin da ke kansa shi ne mai laifi.

Baba Iliya shi ne babban mai ɗauri, shekararsa ashirin da shida a shagon. Mutumin ƙasar Zariya ne kamar ni, shi ya kawo ni Badun, shi ya koya mini riƙe igiya. Mu biyu ne kaɗai Kirista cikin ma'aikata tara. Ranar Juma'a da ƙarfe ɗaya sauran su tafi masallaci, mu mu tsare shago mu ci gaba da aiki. Ranar Lahadi su riƙe mana, mu tafi coci. Ba mu taɓa samun saɓani a kan wannan ba.

A makon da abin ya faru wani ya gaya mini ana ɗaukar masu gadi a wani kamfani a unguwar Mokola, har da kakin aiki, kuma ranar Juma'a da ƙarfe biyu za a ga mutane. Ban gaya wa kowa ba. Ga shi Alhaji ya bar mini huhu goma sha biyu da za a loda wa motar Kano da la'asar. Ruwa ya doki ganyen da Iya mai ganye ta kawo da safe, yana ta ɗiga. Da shago ya watse, na tsince kwando uku, na duba agogo, sai na juye sauran haka nan a kan jiƙaƙƙen ganye, na naɗe.

Na ce wa Baba matata Rifkatu ba ta da lafiya, ya taimaka ya ɗaure mini. Ya tambaye ni ko na gama tsinta. Na ce na gama. Wannan mutumin da kullum yake ce mana kada mu ɗaure abin da ba mu tsinta da hannunmu ba, ya dube ni, ya ɗauki igiya, ya ce in gaishe da mai jiki.

Na hau okada, wato acaɓa, na tafi Mokola. Da layi ya zo kaina sai aka miƙo mini takarda da biro, aka ce in cike. Ni da ban iya karatu ba, na juya ta gaba da baya, na mayar musu, na fito. Abin da na yi ƙarya sau biyu dominsa ke nan.

Motar Kano ta lalace a hanya, ta yi kwana huɗu a tsaye cikin rana da ruwa. Ranar Alhamis Alhaji ya tara mu a gaban shago. Dillalinsa na Kano ya turo masa hotuna a waya: goro ya yi baƙi, ganye ya ruɓe, ga igiya a kai da ƙulli biyu da ɗan kunne a gefe, wanda duk Sabo an san na waye.

"Iliya, wannan ƙullin na waye?"

"Nawa ne, Alhaji."

"Kai ka tsinta?"

"Ni na ɗaure."

Bai yi ƙarya ko ɗaya ba. Ina tsaye a bayansa, ina kallon ƙeyarsa da furfura. Ɗakin da nake ciki da Rifkatu da yara huɗu na Alhaji ne, tare da aikin yake tafiya. Na buɗe baki, ɗakin nan ya faɗo mini a rai, na rufe. Alhaji ya karɓi makullin shago daga hannun Baba, ya sallame shi, ya waiwayo ya miƙa mini. A ranar na zama babban mai ɗauri.

Malam Sabi'u, abokin aikinmu, shi ya ba Baba wurin kwana a zauren gidansu, domin shi ma ɗakinsa na Alhaji ne. Washegari muna goge ganye ya ce mini, ba tare da ya ɗago kai ba, shi dai ya san hannun Baba, kuma yana jin ni ma na sani. Bai ƙara ba, bai kuma sake cin abinci a kwano ɗaya da ni ba har aka shekara.

Baba ya koma dako a Mokola, mutum mai shekara sittin da wani abu yana ɗaukar buhun albasa a ka. Sati uku ina zama a bayan coci don kada mu haɗa ido. Lahadi ta huɗu ya tare ni a bakin ƙofa, ya ce in raka shi. Muna tafiya na gaya masa komai, har da takardar da na kasa cikewa. Ya ce tun ranar Asabar ya sani, domin ya ga Rifkatu tana wanki lafiyarta ƙalau.

"Bulus, ƙaryar nan ta yi mini zafi. Har yanzu tana yi."

"To Baba, me ya hana ka faɗa?"

Ya ce yaransa sun girma, nawa kuwa babbansu bai gama firamare ba. Ya ce ya daɗe yana tambayar kansa me ya kawo shi garin nan, goro kawai? "Shekara nawa muna waƙa cewa Almasihu ya ɗauki kayan da ba nasa ba? Ranar da aka miƙo mini ɗan ƙaramin nawa, sai in ce wuyana yana ciwo?" Na ce zan je in gaya wa Alhaji. Ya ce in na je, mu biyu muka rasa, wahalarsa kuma ta tashi a banza. Na karɓi wannan maganar da sauri, saurin da har yau nake jin kunyarsa.

Shekara biyu ya yi yana dako kafin bayansa ya ƙi. Muka sa shi a mota ya koma gida, kafin wata damina aka bugo waya cewa ya rasu.

Bayan rasuwarsa na sami Alhaji shi kaɗai, na durƙusa na faɗi gaskiya. Na shirya wa kora, har na gaya wa Rifkatu ta fara haɗa kaya. Alhaji ya saurare ni har ƙarshe, yana ɓare goro da farce.

"Ai na sani tun ranar. Iliya bai taɓa ɗaure sankara ba."

Ya ce amma hannun Baba ya fara rawa, ni kuma da sauran ƙarfina. Baba ya zaɓa, shi kuma yana da kasuwar da zai riƙe. Ya ce in tashi, akwai motar Katsina da la'asar. Na tashi na je na ɗaure.

Wannan ya fi komai ci mini rai. Baba ya ba da aikinsa da bayansa, mai shago ya ga riba a ciki ya karɓa, ni na ga ɗaki na karɓa. Fastonmu ya ce mini haka aka yi wa Ubangijinmu, waɗanda ya mutu dominsu suna tsaye suna kallo, ba wanda ya ce uffan. Na yarda da wannan. Amma sanin cewa an gafarta maka bai sa makullin nan ya yi sauƙi a aljihu ba.

Abin da aikin nan ya koya mini shi ne, shago yana ganin ƙulli, ba ya tambayar wanda ya zuba abin da ke ciki, ko da ya sani. Tun daga lokacin na bar nawa ƙullin, na Baba nake yi, biyu da ɗan kunne a gefe. Don haka in kuka ga ina kwance muku huhu ranar Juma'a ina sake tsinta, kada ku ji haushi, ba raina ku na yi ba. Tsoro nake ji. In ɗayanku ya yi mini abin da na yi wa Baba, aka nuna mini hoto a waya, har yau ban sani ba ko bakina zai iya cewa nawa ne.