Shuni a Babban Yatsa

Ranar Talata ce, saura kwana huɗu zaɓe. An kwana ana ruwa, ya ɗauke da asuba. Na tashi na tarar Inna ta riga ta hura wuta, tana dama kunun tsamiya tana mitar itacen ya jiƙe. Yayana Sule yana zaure da rediyonsa, yana jiran labaran ƙarfe bakwai. Ni ina shara ina waƙa. Shekarata goma sha tara a lokacin, kuma kowa a ƙauyenmu ya san bakina ya fi ƙarfin jikina.

Ƙauyenmu yana tsakanin Zurmi da Kaura Namoda, ɗan nesa da titin mota. Tun rani muka kafa ƙungiya, samari da 'yan mata, muna haɗuwa gindin durumi bayan la'asar. Abin da muke nema bai taka kara ya karya ba. Takin zamani ya iso hannun manomi, a haƙa mana rijiya mai kyau, mu kuma tsayar da namu ɗan takarar, wani malamin firamare da ya koyar da rabinmu. Yaya Sule ne sakatare. Ni aka ba ɓangaren mata, domin ina shiga gidajen da namiji ba ya shiga. Har agogon hannu Yaya ya ara mini don kada in riƙa makara, shi ya sa nake iya faɗin lokutan wannan rana ɗaya bayan ɗaya.

A zaɓen da ya wuce an zubar da ƙuri'un ƙauyenmu da yawa, wai an dangwala yatsa a kan layi. Muka ce bana ba za a sake ba. Yaya ya zana gidaje irin na ƙuri'a a takardar buhun siminti, ina bi gida gida ina koya wa mata inda za su sa yatsa. Kwana biyu tawadar da muka sayo a Kaura ta bushe. Na gwada ta allo, tana caɓewa. Sai na tuna da Baffa, ƙanin mahaifinmu marigayi, wanda rini ne sana'arsa. Na je marina na ɗebo shuni cikin gwangwani. Baffa ya ce, "Wanga abu ba ya hita da wuri, Kulu." Na ce ai haka nake so. Dabarar tawa ce ni kaɗai, kuma na yi ta cika baki da ita.

Cikin mako ɗaya, duk wanda ke tare da mu babban yatsansa ya zama shuɗi. Samari ma suka riƙa zuwa a sa musu. Mata suna nuna wa juna a bakin rijiya suna dariya. Ba sai wani ya kai gulmarmu ba, mu da kanmu muka yi ta talla.

Inna kaɗai ta ƙi. Ta ce ita da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, me ya haɗa ta da takarda. Na dame ta safe da yamma, ina ce mata matsoraciya. Ranar Litinin ta gaji, ta miƙo hannu. Ni na riƙe yatsan, ni na tsoma shi cikin gwangwani. Ta dangwala tsakiyar gida tsaf, karo ɗaya, ta ce, "To shi ke nan abin da kuka ta wahala a kai?"

Ƙarfe tara da kwata na safiyar Talata muka ji motoci. A-kori-kura uku ne, suna danna ƙaho babu ƙaƙƙautawa, ana buga ganga a bayan ɗaya. Na ɗauka masu yaƙin neman zaɓe ne. Suka tsaya bakin kasuwa, ganga ta yi shiru. Abin da ya biyo baya ƙarar kwano ne, ana dukan rufin shagon da muke ajiye takardunmu. Sai warin fetur. Sai ihun mata daga unguwar gabas.

"Ku hito! Kowa shi ɗaga hannu!"

Na leƙa ta ƙofar zaure. 'Yan bangar siyasa ne, ban san fuskar ko ɗaya ba. Gora, adda, kulki. Ba suna suke tambaya ba, ba kati suke nema ba. Hannu suke kamawa su duba yatsa. Mai farin yatsa a ce ya zauna ƙasa. Mai shuɗi a ja shi gefe. Na dubi nawa.

Tara da rabi suka iso ƙofarmu. Yaya ya fita da kansa don kada su shigo ciki. Ba su bari ya yi magana ba. Na ji gora ta sauka, na ji rediyo ya tarwatse jikin bango. Kafin in riƙe ta, Inna ta wuce ni da ludayi a hannu, ta faɗa kan ɗanta. Gorar da aka ɗaga wa Yaya ita ta samu, a gefen hagu, ƙarƙashin haƙarƙari. Sau biyu. Ba ta yi kuka ba, numfashi kawai ta ja. Wani ya kama hannunta ya ɗaga sama.

"Har tsohuwa! Ku cinna ma gidan!"

"Kulu! Ja Inna, ku bi ta gero!"

Muryar Yaya ce, ita ce ta ƙarshe da na ji daga gare shi a ranar. Na ja Inna cikin gida. Na bangaje dangar baya da kafaɗa, muka faɗa gonar maƙwabcinmu. Gero ya fi tsawon mutum, ya fara fitar da kai. Ganyensa jiƙe yake, yana yankar fuska. Ba takalmi a ƙafarmu.

Ƙarfe goma muna tsugune tsakiyar gona. Ana jin komai. Rufin ciyawa idan ya kama wuta yana da wata ƙara, kamar ana karya kara da yawa lokaci guda. Akuyoyi suna kuka. Wani yana kiran sunan matarsa. Kusa da mu na ji motsi, na leƙa, ashe mata biyu ne daga cikin waɗanda na koya wa dangwale. Suna durƙushe suna goga yatsa da jiƙaƙƙen yashi. Ɗaya ta ɗago ta dube ni. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Muka goga mu ma, da yashi, da ganye, da dutse. Na goge na Inna har fata ta saɓule, jini ya fito. Shunin yana nan a gefen farce da cikin zanen fata.

Na ce mu nufi titi mu nemi motar Kaura, can akwai asibiti. Inna ta ce, "Ba komi, mu tahi." Ta dafa kafaɗata muka bi kunya kunya.

Sha ɗaya da minti ashirin muka hango titi ta tsakanin kara. An gicciye itace. Mutum biyar suna tsaye a wurin. Wata babbar motar hatsi ta tsaya, aka sauko da fasinja duka.

"Hannu! Buɗe hannu!"

Na ga sun ware wani saurayi ɗan ƙungiyarmu da ya riga mu fitowa. Na ga sun kwantar da shi a kwalta. Na rufe wa Inna ido da tafin hannuna kamar yarinya, ita kuma ta cire hannun ta ce mu koma. Motar ta wuce ta gabanmu da wurin zama a bayanta. Da yatsunmu farare ne, da kafin azahar Inna tana gaban likita. Wannan lissafi na yi shi a wurin, kuma har yau ina yin sa.

Hanya ɗaya ta rage, ta gulbi. Muka juya yamma, muna bin gonaki da burtali. Rana ta fito da ƙarfi bayan ruwa, ƙasa tana tururi. Tafiyar Inna ta fara raguwa. Da farko muna yin gona biyar kafin ta huta, daga baya biyu. Gumi yana zubo mata amma jikinta sanyi ƙalau. Leɓenta ya yi fari. Tana ta neman ruwa, ina ɗebo mata na kwance a ganyen gwaza da kwarin kunya. Na ɗaga zanenta na duba wurin. Babu rauni, babu jini, kumburi ne kawai da duhu. Na ce a raina da sauƙi ke nan. Ban san komai ba, duk da surutuna.

Ƙarfe biyu muka ji kiran salla daga wani ƙauye da ba mu shiga ba. Inna ta yi taimama ta yi azahar a zaune, jingine da gawo. Ni ban iya ba. Ina tsaye ina sauraron ko ana bin mu. Na ji tsoro ƙwarai, na kuma ji haushin kaina fiye da tsoron. Da ta sallame na durƙusa zan ba ta haƙuri. Ta ce, "Kak ki soma. Kama ni in tashi."

Daga nan goya ta na yi. Inna ba ta da jiki, amma laka tana riƙe ƙafa. Ina jin numfashinta a wuyana, gajere gajere.

Huɗu saura kwata muka iso gulbi. Ya cika ya kawo, ruwan ja ne, yana tafe da itatuwa. Mai fito ɗaya ne ya rage, dattijo, yana ɗaure kwalekwalensa. Ya dubi ƙafafunmu, ya dubi hannuwanmu, ya dubi hayaƙin da ke tashi bayanmu. Bai tambaye mu daga ina ba. Ya ɗauki Inna da kansa ya kwantar da ita. Tsakiyar ruwa ya ce, "Ku sa hannu cikin mayahi, akwai mutane ƙetare." Muka sa. Mutanen ƙetare masu wanki ne, babu wanda ya kula mu.

Wani mai amalanke da ke kai itace Kaura ya ɗauke mu. Shanun suna tafiya a hankali, kowace gargada Inna sai ta runtse ido. Biyar ta wuce. Shida ta wuce. Ana kiran magariba muka ji kukan jirgin ƙasa, muka ga fitilun tasha.

Mutum ɗaya na sani a Kaura, Maman Ladi. Kirista ce daga kudancin Zariya, mijinta ma'aikacin jirgi, ita kuma tana sayar da abinci bayan tasha. Wurin Inna take sarin daddawa. Tana ganinmu ta ajiye ludayin miya, ta ce, "Shigo da ita, shigo." Ta kwantar da Inna a gadonta. Ta taɓa cikin, ta dubi mijinta, ya fita a guje neman mota.

Ƙarfe bakwai da minti goma Inna ta buɗe ido. Ta tambaya ina Sule. Na ce yana hanya. Ƙarya na yi, ban san ko yana raye ba. Sai ta ce, "Kin sauke kunun ga daga wuta?" Na ce na sauke. Ta ce to. Ta yi kalmar shahada, ina taya ta, Maman Ladi tana riƙe da ƙafafunta tana tata addu'ar ƙasa ƙasa. Bakwai da rabi mota ta tsaya ƙofar gida. Direban ya danna ƙaho sau biyu. Maman Ladi ce ta fita ta ce masa ya tafi.

Da safiyar Laraba aka binne ta a Kaura. Matan unguwar suka yi mata wanka, mazan da ba su san sunanta ba suka yi mata salla. Babu namiji ko ɗaya daga danginmu a wurin.

Yaya Sule ya iso ranar Alhamis, hannunsa na dama a karye, an ɗaure da kara. Daga bakin ƙofa ya duba ɗakin, ya gan ni ni kaɗai, ya zauna a ƙasa. Shi ya ba ni labarin gida. Gidanmu ya ƙone har rumbu, da katunanmu na zaɓe a ciki. An cike ramukan marinar Baffa da ƙasa, shi kuma an fasa masa ido ɗaya. Saurayin da aka kwantar a kwalta bai sake tafiya daidai ba. Ɗan takararmu ya tsallaka Nijar. Matan da na koya wa sun watsu, wasu Shinkafi, wasu Gurbin Bore, wurin dangi.

Ranar Asabar aka yi zaɓe. Muna ɗakin Maman Ladi, ni da Yaya, muna jin hayaniyar layi daga makarantar da ke bayan gida.

Bayan mako uku wani abokin Yaya ya zo yi mana gaisuwa. Malamin makaranta ne, yana cikin waɗanda aka tura aikin zaɓe ƙauyenmu. Ya ce ranar ko mutum ashirin ba su fito ba, amma da yamma akwati ya cika. Ya ce an ba shi rajista ya sa hannu, ya ga an yi wa kowane suna maki, alamar mai shi ya zo ya jefa. Yaya ya tambaye shi har da namu. Ya ce har da naku. Ni na tambaye shi na Inna. Ya sunkuyar da kai, ya ce har da nata.

Kwananta uku a kabari ranar. Ita ce ƙuri'ar farko da aka taɓa jefawa da sunanta, kuma ban san wanda ya dangwala mata ba.