Dubiyar da Ta Ci Aikin Hawawu

Hawawu 'yar Zangon Kumasi ce. Ta sayar da koko da ƙosai a bakin tasha, ta yi aure, ta haihu, sannan ta biyo mijinta Abdul-Razak zuwa New York, suka zauna a unguwar Stapleton. Shi yana jan tasi, ita ta kama aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Ƙofata na kallon tasu, don haka na san ta ciki da bai. Mace ce mai tausayi da kunnen ƙashi.

Kamfanin da take wa aiki ya tura ta gidan wani tsoho, Mista Brannigan. Sai da ta ga hotunan bango ta gane ba ƙaramin mutum ba ne. Ɗan wani leburan tashar jiragen ruwa ne. Ya karanta lauya, ya tsaya takara ya sha ƙasa, ya sake tsayawa ya ci. Tun Hawawu tana goye yake wakiltar unguwarsu a majalisar wakilai ta Washington. An ce duk ƙarshen mako yakan buɗe ofis, mai kukan haya da mai neman aiki su yi layi har waje. Kafin ƙarnin da ya wuce ya ƙare wani sabon jini ya kayar da shi, layin ya watse.

Lokacin da Hawawu ta same shi ya haura casa'in, tunani ya fara guduwa. Kullum da safe sai ya sa a ɗaura masa taye a wuya, ya zauna yana kallon ƙofa. Ba mai ƙwanƙwasawa. 'Yarsa Maureen tana New Jersey, jefi-jefi take leƙowa.

Abin ya tsaya wa Hawawu a rai. A Zango ko zazzaɓi ka yi, sai ka gaji da 'yan dubiya. Dokar kamfani kuwa a fili take: ma'aikaciyar da ta shigo da baƙo gidan da take aiki, a bakin aikinta. Da ta ce za ta kai masa 'yan dubiya, na gaya mata, mijinta ma ya gaya mata.

"Yaya, mutum ya kwanta ciwo babu mai ce mishi sannu?" ta ce da ni. "Job ɗin na Allah ne. Sunday ki shirya."

Ni mai bakin gargaɗin, ni na fara yafa mayafi. Muka ɗunguma da kular shinkafa da wake, har da Malam Tamimu mai koyar da yaranmu karatu. Muka tuɓe takalma a ƙofa, muka durƙusa muka gaishe shi. Tsohon nan da ake riƙewa kafin ya tashi, sai ga shi tsaye yana tambayar kowa abin da ke tafe da shi. Sherifa mai kitso ta ce mai gidan hayarta ya ƙi gyara na'urar ɗumama ɗaki. Ya buga tebur ya ce zai ji da shi gobe. Ba abin da zai iya, mun sani, amma ranar ya cinye abincinsa tas.

Haka muka riƙa yi duk Lahadi, har ran da Maureen ta iske takalma jibge a ƙofar ubanta. Ba ta ɗaga murya ba, waya kawai ta ɗaga. Washegari aka sallami Hawawu. Ban ga laifin Maureen ba, ba ta san mu ba, amma wallahi raina ya ɓaci. Hawawu ta koma wani shagon wanki a Port Richmond, tsaye wuni guda, ƙafafu suna kumbura.

Da sanyi ya shigo Maureen ta kira ta. Ta ce tsohon ya daina cin abinci, sai tambayar ina mutanensa suka shiga. Ta roƙi kamfani su mayar da Hawawu, sun ce doka doka ce. Duk da haka, ko za mu zo ranar Lahadi? Hawawu ta ce za mu zo.

Ranar Juma'a ya rasu. Lahadi da hantsi na ji ƙamshin girki daga ɗakin Hawawu, na yafa mayafi ban tambaya ba. Maureen ta buɗe ƙofa ido jajur, ta dubi kular, ta dube mu.

"Ai na gaya miki ya rasu," ta ce.

"Kin gaya min," in ji Hawawu tana tuɓe takalmi. "Yau wurinki muka zo."