Muryar Inna a Cikin Memori

Shekarar da aka mayar da ni koyarwa a wata firamare a Anka, na je ƙauyenmu da ke kusa da Bukkuyum hutun ƙarshen zango. Inna tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida, hira ta kai mu kan gonar marigayi Baba, sai ta shiga faɗa mini iyakokinta ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya san su a cikinmu 'ya'yanta. Na ciro waya na danna ɗaukar murya, na ajiye kusa da ƙwaryarta. Ta daɗe tana magana. Ni kuwa tunda waya tana ɗauka, ban saurara sosai ba.

Damina na faɗuwa ƙanena ya kira ni, ya ce maƙwabcin gonarmu ya yi huɗa ya ci mana kunya uku. Na ce ya kwantar da hankalinsa, maganar Inna tana hannuna.

Fayil ɗin muryar yana nan a waya da sunansa, amma da na taɓa shi sai wayar ta rubuto cewa ba zai buɗu ba. Na kashe ta na kunna. Na cire memori na hura masa iska na mayar. Sai ga wasu folda guda biyu da ban taɓa gani ba, sunayensu wasu alamomi ne da ba sa karantuwa. Wata malama da muke aji kusa da juna ta ce su ne suka hana, in goge su. Na goge, suka ɓace, na ji daɗi. Da na sake kunna wayar na same su zaune inda suke. Sau huɗu ina gogewa suna dawowa.

Na kai wa wani mai gyaran waya a bakin kasuwa. Ya sa memorin a kwamfutarsa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce memorin ne ya gaji ya kulle kansa, ba ya karɓar sabo, ba ya sakin tsoho. Na tambaye shi ko muryar tana ciki.

"Malama, tana ciki, ga nauyinta nan ina gani. Jin ta ne dai ba za a yi ba."

Ban gane yadda abu zai kasance yana nan kuma ba ya nan ba. Ranar da na je biki Gummi na nuna wa wani mai gyaran, shi kuma ya ce memori lafiyarsa ƙalau, wayar ce ke da matsala, a wanke ta gaba ɗaya, wato a goge komai na cikinta. Na tambaya ko wankin zai taɓa muryar, ya ce watakila. Na karɓi abina na fito, kaina ya ƙara ɗaurewa.

Sai a mota ya faɗo mini cewa Inna fa tana raye, kuma bakinta bai kulle ba. Na ji kunyar kaina. Asabar na kama hanyar gida, wannan karon da littafi da biro.

Ta sake faɗa, ina rubutawa. Da ta zo iyakar gabas ta ce tsamiya ce. Na ce ai wancan karon ɗorawa na ji ta ce.

"Ni? Mi zai sa in ce ɗorawa? Ke dai ba ki ji da kyau ba."

Babu yadda zan yi in musa mata. Muka aika aka kira Baffa, ƙanen Baba, ya ce ba tsamiya ba ce ba kuma ɗorawa ba, layin gamba ne da suka dasa da hannunsu shi da Baba.

Washegari muka ɗunguma gonar har da maƙwabcin. Tsamiya tana nan, ɗorawa ma tana nan, taku kaɗan ne tsakaninsu. Baffa ya durƙusa yana tona ƙasa da sandarsa har ya tarar da tushen gamba, ya bi layin muna biye da shi. Ashe kunya ɗaya ce aka ci, ba uku ba. Maƙwabcin ya ba da haƙuri, ya ce a bar masa geron da ya riga ya shuka ya girbe, baɗi ya ja baya. Inna ta ce ta yarda.