Muttaka, Ƙanen Bawa Makaɗi

Shekara goma sha tara Muttaka ya yi yana masinja a wani ofis a Kaura Namoda, kuma duk tsawon lokacin nan babban aikinsa shi ne goge ƙauyensu Gurbin Bore daga jikinsa. Can aka yanke masa cibiya, amma duk wanda ya tambaye shi sai ya ce shi mutumin Kano ne, aiki ya kawo shi. Sau biyu ya taɓa zuwa Kanon, ɗaya ma a tasha ya kwana. Ya koyi karya hula, ya daina shan fura a gaban mutane, ya koma shayi, alhali shayin ba ya riƙe masa ciki.

Yayansa Bawa makaɗin noma ne, mai bin manoma da ganga a wurin gayya. Ranar da ya taɓa kawo masa damin gero har ofis, Muttaka ya tare shi a bakin ƙofa, ya gaya wa abokan aiki cewa wani mai sayar masa da hatsi ne. Bawa ya ji, kuma bai sake zuwa ba.

To, Allah mai yadda ya so. Wata damina wani ya ɗauki Bawa a waya yana waƙa a bakin gona: "Ni baƙauye na, gero yay yi ni, ban roƙi kowa kamannu nai ba." Kafin kaka waƙar ta cika Zurmi da Shinkafi. Masu kabukabu suka ɗauka, 'yan boko suka ɗauka. Nan take kowa a ofis ya tuna yana da ƙauye. Shugaban ofis, wanda rabonsa da fartanya tun yana firamare, ya fara ba da labarin yawan kunyar gona da yake nomewa kafin hantsi. Muttaka kaɗai aka bari da Kanonsa, har ana yi masa dariya wai ba zai gane waƙar ba. Abin ya ci shi ƙwarai, don shi ne ke riƙe wa Bawa ganga suna yara.

Da aka yi wa shugaban ƙarin girma, aka gayyato Bawa walima. Muttaka ya ƙudura yau zai karɓi ɗan'uwansa a gaban kowa. Sai dai yana so Bawa ya fara, shi kuma ya yi murmushi kawai, a wuce wurin ba tare da dogon bayani ba.

Bawa ya shiga bin mahalarta ɗaya bayan ɗaya, yadda makaɗa ke yi: ya tambayi sunan uban mutum da garinsu, ya saka su a waƙa, mutum ya kumbura kamar an ba shi sarauta. Har ya iso gaban Muttaka. Ya sassauta kiɗa, ya rusuna da ladabin da ake yi wa baƙo.

"Yallaɓai," in ji Bawa, "ɗan wa za ni ce?"

Abokan aiki suka juyo suna jiran sunan wani attajirin Kano. Muttaka ya buɗe baki. Sunan mahaifinsu Sha'aibu ya taso masa har maƙogwaro, ya tsaya nan. Bawa ya jira shi, ya ƙara jira, fiye da yadda ya jira kowa. Sannan ya gyara ratayar gangarsa, ya matsa wurin na gaba.