Tsawon Ƙofar Inna

Shekarar da ruwa ya ci gidanmu na Jibiya, abu biyu ne suka tsira daga ɗakin Inna: tagar ƙarfe da muka tono cikin taɓo, da wani tsohon hoton bangon ɗakin da wani mai hoto daga Maraɗi ya ɗauka ranar sunan ƙanena. Marigayi Babanmu ne ya gina ɗakin da hannunsa. Inna ta kafe, ita ba za ta kwana a sabon ɗaki ba sai an maido mata ƙofarta yadda take.

Magini ya duba hoton ya ce a karkace aka ɗauke shi, ba ya aunuwa. Ni kuwa lokacin ina jami'a, ana koya mana yadda kwamfuta ke auna abu daga hoto, kaina ya kumbura. Na ce masa taga da ƙofa a bango ɗaya suke. In na san awon kusurwoyin tagar guda huɗu, lissafi zai miƙar da hoton kamar a gabansa aka tsaya. Ya ce, "To malama, Allah shi ba da sa'a."

Na auna tagar, na ba kwamfuta. Ƙofa ta fito gajeruwa, mita ɗaya da rabi da ɗan ɗoriya. Na sake har sau uku, haka dai. Haushi ya kama ni, na hau faɗan mai hoto.

Inna ta ce, "Ke, ƙyale bawan Allah, lissahinki daidai ne. Babanku ba shi da abin awo. Tsai da ni ya yi jikin bango, ya aza hannu bisa kaina, ya ja layi da gawayi."

Sai na tuna yadda yake sunkuyawa duk shigarsa, dogon mutum, muna yi masa dariya. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Kewarsa ta taso mini.

Ranar da aka gama ginin, Inna ta tsaya tsakiyar ƙofar ta miƙe iya ƙarfinta. Na ɗora hannu a kanta. Tsakanin kallabinta da saman ƙofar akwai sarari fiye da taƙi guda. Magini ya ce ai abu ne mai sauƙi, zai rage mata.

Ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo.

"A'a, bar ta haka nan. Tsawon da Babanku ya san ni da shi ke nan."