Ɗaurin Furen Yaɗiya a Ƙofar Iya

Abubuwa da yawa sun same ni a duniya waɗanda yanzu ko an tsare ni ba zan iya faɗin yadda suka faru ba. Amma safiyar da na rataya furen yaɗiya a ƙofar wata tsohuwa maƙwabciyarmu, wannan kam ba zan manta da ita ba har ranar da za a kwantar da ni.

Ƙauyenmu yana bayan Gaya, ta hanyar Ajingi. Muna da wata al'ada da na tashi na tarar, kuma duk yawon achaɓar da na yi ban ga inda ake yin ta ba. In bazara ta kankama, daji ya bushe, abin miya ya yi wuya, yaɗiya ce kaɗai take zama kore har ta yi fure. To duk gidan da tasu ta riga, matar gidan za ta tsinko furen da ɗan ganyensa, ta ɗaure da kaba ƙulli-ƙulli, kafin gari ya waye a rataya a ƙofar maƙwabta. Ba sallama, ba godiya. Wanda ba shi da abin sawa a tukunya ya samu na kwaɗo ba tare da ya buɗe baki ya roƙa ba, mai abin miya kuma ya ajiye a ɗaki ya sha ƙanshi. Ba a faɗin wanda ya kawo, sai dai matan duk sun sani, don ɗaurin kowacce daban ne.

Ni dai ban taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba. Harkar mata ce. Ni gona na sani, sai mashin ɗina.

Uwar 'ya'yana 'yar wajen Ajingi ce. A garinsu ba a yi, amma da ta zo ta fi 'yan gari riƙe abin. Ta dasa yaɗiya a gindin darninmu, kullum tana zuba mata ruwan wanke-wanke, shi ya sa tamu take riga ta kowa fure. Nakan ce mata, "Ke dai ko akuya ba ta kai ki son ciyawa ba." Sai ta ce, "To, maigida, in an yi kwaɗon kada ka sa hannu." Ni kuwa sai na fi kowa ci.

Ƙullin farko kullum na Iya ne. Iya ƙawar mahaifiyata ce, katanga ɗaya ce tsakaninmu, tsufa ya cinye mata idanu, amma hanci da baki suna nan daram. Ba ta taɓa kiran matata da sunanta ba, sai dai 'yata, ko 'yar Ajingi.

Wata shekara bayan kaka ciwo ya kama uwar 'ya'yana. Muka yi ta zaryar asibiti, abu ya ƙi. Iyayenta suka ce in kai ta gida su ma su yi jinya. Ranar da na ɗora ta a mashin, ta sa na tsaya a ƙofar Iya. Ta ce, "Iya, sai na dawo." Iya ta ce, "Ki dai dawo kafin yaɗiya ta yi fure, kin san ba na cin ta kowa." Ba ta dawo ba. A can ta cika, a can muka binne ta. Ƙananan yaran ma kakarsu ta riƙe su. Na dawo gida ni kaɗai, sai awaki.

Da aka gaya wa Iya, faɗuwa ta yi, ta kwanta kwana da kwanaki. Da ta tashi sai ta tashi babu labarin a kanta, ta shiga tambayar 'yarta. Aka sake gaya mata, ta sake faɗuwa, ta sake mantawa. Ɗanta, wanda sa'ana ne tare muka yi wasan ƙasa, ya bi gida-gida yana roƙo don Allah kada wanda ya ƙara gaya mata, kada a kashe masa uwa.

A nan ne na samu wurin zuwa. Ko'ina na shiga a garin, marigayiya ake ce mata. Ko goro na tsaya saye sai an ce Allah ya jiƙanta. Ƙofar ɗakin Iya ce kaɗai inda matata take da rai, tafiya kawai ta yi ta daɗe. In na dawo da yamma na kafe mashin, sai in shiga in tsuguna in gaishe ta.

"Ɗan nan, yaushe 'yar Ajingi za ta dawo?"

"Sai yadda Allah ya yi, Iya."

"Kai da wannan halin naka na ɗaure fuska, ka tabbata ba yaji ta yi ba?"

"Ba yaji ba ne, Iya."

"To ka kai mata ɗan sabulu da turare. Mace ba buhun gero ba ce da za ka jingine ka tafi."

Sai in yi dariya, kuma a lokacin ba inda nake dariya sai nan. In na fito nakan ji kamar in na leƙa gida zan tarar da hayaƙi a madafa. Mutane suna cewa ina da kirki, ina duba tsohuwa. Ba kirki ba ne. Zuwa nake in ji ana maganarta kamar gobe za ta sauka daga mota.

Bazara ta zo. Yaɗiyar ba ta mutu ba, don a gindinta nake alwala. Ta lulluɓe darni ta yi fure fal, irin wanda ban taɓa gani ba. Da yamma ƙanshin yakan cika tsakar gida har in rasa inda zan sa kaina. Iya ta jiyo ta kan katanga. Ta ce, "Yaɗiyarku ta buɗe. To 'yata ta kusa, ba ta taɓa bari fure ya wuce ta ba."

Bayan 'yan kwanaki ɗanta ya tare ni a bakin masallaci. Ya ce, "Mutumina, ya za mu yi? Kullum da sassafe sai ta lallaɓa ta shafa ƙusar ƙofa. In ta ji wayam, ranar ko koko ba ta sha." Na ce ya bar ni da abin. A raina na ce, meye wahalar tsinkar fure? In ta samu ƙullin za ta ɗauka 'yarta ce ta aiko a yi, ta ci gaba da jira, ni ma in ci gaba da samun wurin zama.

Washegari daga sallar asuba na tsinko furen, na yago kaba, na ɗaure yadda na iya: na zagaya, na ja da ƙarfi, na murɗe, na cusa bakin. Haka nake ɗaure dawa a gona, haka nake ɗaure kaya a bayan mashin. Na rataya a ƙusar ƙofarsu, na koma gindin darbejiya ina goge mashin ɗin da ba abin da ya same shi.

Can sai ga Iya ta fito tana dafa bango. Hannunta ya taɓa ƙullin. Ta sauke shi ta kai hanci, fuskarta ta washe har na ga dasashinta. Daga nan yatsunta suka gangara kan kabar. Suka tsaya. Ta juya shi, ta sake shafawa, ta daɗe a haka.

"Ɗan nan, matso. Tun ɗazu nake jin warin fetur ɗinka."

Na matsa na tsuguna.

"Wa ya ɗaure wannan?"

"Daga gidanmu ne, Iya."

"Ban tambaye ka daga ina ba. Wannan ɗaurin dami ne, hannun namiji. 'Yata tsaga kabar take gida uku ta kitse, ta bar ɗan hanci na ratayewa. Ko a kwance take, in dai tana numfashi, ba za ta bari ka shaƙe fure haka kamar ka kama ɓarawo ba."

Sai ta ce a hankali, "Ba ta nan ko?"

Na ce, "Ba ta nan, Iya."

"Tun yaushe?"

"Tun bayan kaka."

Na miƙa hannu don in tare ta, na ɗauka faɗuwa za ta yi. Ba ta faɗi ba. Ta zauna a dokin ƙofa ta yi salati, hawaye na bin kumatunta, ƙullin na kan cinyarta. Sai ta lalubo hannuna ta riƙe, ta ce, "Ya haƙuri, ɗan nan?"

Mutane nawa ne suka yi mini wannan gaisuwar, ina amsa musu da godiya kamar dutse? Ko a maƙabarta idona bai kawo ruwa ba. Amma ranar sai hawaye suka ɓalle mini. Na yi kuka a bakin hanya, ƙato da ni, masu tafiya rijiya suna kau da kai.

Ta bar ni har na gaji. Sannan ta share fuska da bakin mayafi ta ce, "Kwance wannan abin kunyar. Je ka kawo kaba." Na kawo. Ta kama yatsuna tana bi da su, wannan bisa wannan, wancan ƙarƙashi. "Kai, yatsu kamar taɓarya! Sassauta, ba saniya kake ɗaurewa ba." Da ƙyar na haɗa guda ɗaya, a karkace. Ta shafa ta ce, "Da tana nan da ta yi maka dariya. To sauran gidajen fa? Ni kaɗai take kai wa?"

Haka na bi layinmu da rana tsaka ina rataye fure, abin da ba a taɓa yi ba. Kowa ya gan ni, ba wanda ya ce uffan.

Daga ranar Iya ba ta sake mantawa ba, ba ta kuma sake tambayata yaushe 'yar Ajingi za ta dawo ba. Na yi kewar wannan tambayar ƙwarai, har yanzu ina yi. Iya ma ta bi ta bayan damina biyu. Ni kuwa duk bazara ina nan ina kitsa kaba, har yau a karkace, matan unguwa kuma sun san ɗaurin gidanmu.

Abin da na koya shi ne, ɓoye mutuwar mutum ba ya riƙe maka shi. Na so in ajiye matata a bakin tsohuwar da ta manta, ashe wurin da ta bar mini yana gindin darni. In kana kewar wanda ya tafi, ka duba abin da hannunsa ya saba yi wa mutane, ka ɗauka ka ci gaba, ko da naka zai fito a karkace.