Motar da Zinariya Ta Hana a Yanka

A Gangara kowa ya san Zinariya da injin niƙa. Tun tana amarya take tayar da shi da kanta, ba ta jiran namiji ya ɗaure mata bel. Mijinta Gado yana da tsohuwar a-kori-kura mai shan gazuwal, wato man dizal, yana ɗaukar 'yan kasuwa da buhunan gero zuwa Gazawa. Shi ne direba, shi ne makanike.

Bayan kaka ya kwance motar a ƙofar gida saboda mai na yoyo. Ya sauke giyabos, ya cire fulawil, faifan ƙarfen nan mai haƙora da ke bayan inji, ya kuma cire bel ɗin taimin, mai daidaita bugun inji, zai sa sabo. Bai kai ga mayarwa ba ciwo ya kada shi. Aka dawo da shi daga likita ɓarin damansa a shanye, magana ba ta fita sai gurnani.

Mota ta daɗe kan duwatsu har kaji suka mayar da ƙarƙashinta gida. Sai wan Gado, Ɗanbaba, ya zo da masu sayen tsohon ƙarfe, ya ce a yanka ta a huta. Zinariya ta fito hannunta duk gari.

"Yaya, mai motar bai mutu ba. Ga shi can kan tabarma, je ka tambaye shi."

Ɗanbaba ya ce me za a tambayi wanda ba ya magana. Sai ta haye bayan motar da faifanta tana tsintar wake, har rana ta gallabi baƙin suka tafi.

Daga nan kullum da hantsi sai ta rufe niƙa, ta tallabo Gado ta jingina shi da taya, ta sa masa kara a hannun hagu. Yana nuni, tana ɗaurewa. In ta yi daidai ya gyaɗa kai, in ta kuskure ya bugi ƙasa. Fulawil ya fi ƙarfinta, sai da maƙwabciyarta Hamdiya ta kama mata suka ɗora. Ta juya inji har tsagar da ke jikin fulawil ta yi daidai da alamar jikin inji, ta sa bel a kan wannan saitin, suka mayar da giyabos. Masu wucewa masallaci suna rage tafiya suna kallo.

Ranar gwaji aka sauke motar daga kan duwatsu, aka taru aka tura. Mota ta yi tari, ta fesa farin hayaƙi, ta mutu. Ɗanbaba ya ce a gaban jama'a ta bar wasa da mara lafiya. Ta ce masa gobe ma za ta sake, in yana da ƙarfi ya zo turi.

Gado ya yi ta bugun ƙasa yana nuna bayan inji. Ta ɗauka bel yake nufi, ta sake ɗaura shi, ba abin da ya canza. Har ta yi fushi ta bar Gado nan ta koma niƙa, ta kuma dawo. Da ya ƙi daina nunin, ta sake kiran Hamdiya suka sauke giyabos. Nan ta ga 'yar ƙusar da ke tsayar da fulawil a gurbi ɗaya ta karye tun tuni. Ashe faifan ya zauna a goce, alamarsa ƙarya take faɗa.

Gado ya nuna nozul na farko, bakin da ke fesa mai cikin inji. Ta cire, ta zura siririyar waya a raminsa, tana juya inji a hankali har wayar ta daina tasowa, wato fistin ya kai ƙarshen sama. A nan ta daidaita alamar, ta ɗaure fulawil, ta mayar da bel.

Wannan karon mota ta tashi, ta kuma ci gaba da kukanta. Gado ya yi wani sauti da ba ta tantance ba, dariya ce ko kuka. Ta sa aka ɗaga shi aka zaunar a gaba, ya ɗora hannun hagu kan sitiyari, ya daɗe haka.

Yanzu wani mutumin Gazawa, Lurwanu, ke tuƙa motar ranar kasuwa. Sharaɗi ɗaya Zinariya ta ba shi: in motar ta lalace kada ya kai ta garajin kowa, ya jawo ta gida. Ɗanbaba kuwa ya koma kai niƙansa wata unguwa, ita ma ba ta aika a kira shi ba.